Wane allon zamiya ne ba ya nutsewa a cikin sabuwar dusar ƙanƙara?

Idan aka kwana dusar ƙanƙara na zuba har ta kai gwiwa ko ƙugu, allon zamiyar da ya yi wa mutum biyayya jiya a kan dannanniyar hanya zai iya juya masa baya yau. Hancin allon ya riƙa nutsewa, mai shi ya tattara nauyinsa duka ya ɗora wa ƙafar baya, kafin a kai rabin gangare cinya ta ɗau zafi. Da ya ɗan saki jiki sai hancin ya cake, sai alkafura. Wani kuma ya zo ya wuce shi a tsaye, ko gumi bai yi ba. Sau da yawa ba gwaninta ce ta raba su ba, ƙirar allo ce. Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Kanada, Amurka, Japan ko ƙasashen tsaunukan Alps, ya koyi hawa sinobod, wato allon zamiya guda ɗaya da ake ɗaure ƙafafu biyu a kansa, har yana shirin sayen nasa, zai tarar da ƙira iri-iri a jingine a shago, kowacce mai ita na cewa ita ce ba ta nutsewa.

Kafin a shiga kwatanta su sai an san abin da ke ɗaga allon tukuna, domin a nan ne masu saye suka fi ruɗewa. Allo ba ya iyo a dusa yadda gora ke iyo a ruwa. Mita ɗaya na ruwa, tsawo da faɗi da zurfi, kilo 1,000 ne. Sabuwar busasshiyar dusa mai wannan girman ba ta cika wuce kilo 50 zuwa 100 ba, saura duk iska ce. Allon kansa ya kai kilo 3, ga mutum a kai. Ka tsaya cak a wuri ɗaya, za ka nutse har sai dusar da ke ƙarƙashinka ta danne ta yi ƙarfin riƙe ka. Abin da ke fito da kai sama gudu ne. Allon na tafiya hancinsa a ɗan ɗage, yana tura dusa ƙasa, ita kuma tana tura shi sama, kamar kwalekwale mai inji da ke kwance cikin ruwa in yana tsaye, amma da an ba shi wuta sai gabansa ya tashi ya riƙa shafar saman ruwan. Ƙarfin ɗagawar yana ƙaruwa da faɗin ƙasan allo, da yadda hancin ya ɗaga, da kuma gudu, kuma gudun ya fi sauran tasiri: in ka ninka shi biyu, ɗagawar kan ninka kusan huɗu.

Shi ya sa a gangare mai tsini, inda gudu ke zuwa da kansa, kusan kowane allo zai tashi. Inda ake gane ƙira shi ne wuri mai ɗan kwanciya, da tsakanin itatuwa inda dole ka rage gudu, da farkon tashi bayan ka faɗi.

Faɗin ƙasa, ba tsawo kaɗai ba

Tsohuwar shawara ita ce: kana son dusa mai zurfi, ƙara tsawo. Ba ƙarya ba ce, amma tsawo hanya ɗaya ce kawai ta samun faɗin ƙasa. A ɗauki allo mai santimita 158 wanda matsakaicin faɗinsa ya kai 27; ƙasansa zai tasam ma murabba'in santimita 4,200. Mutum mai kilo 80 da kayansa zai ɗora wa kowane murabba'in santimita giram 19 ke nan, alhali da takalmansa kawai ya tsaya da nauyin ya ninka haka kusan sau 7. To a rage tsawon zuwa 148, a ƙara matsakaicin faɗi zuwa 29. Ƙasan ya koma kusan 4,300. An cire santimita 10 na tsawo, ba a yi asarar komai ba wajen ɗaukar nauyi.

Wannan lissafin ne ya haifi gajerun alluna masu faɗi da suka cika kasuwa daga tsakiyar shekarun 2010, irin su K2 Cool Bean da Ride Warpig, da Lib Tech Orca wanda aka ƙera tare da ƙwararren mahayin sinobod Travis Rice. Kamfanonin kan ce a saye su da ragin santimita 3 zuwa 10 daga tsawon da mutum ya saba, gwargwadon samfurin. A cikin itatuwa ba su da na biyu, saboda gajeren abu ya fi saurin juyawa, kuma mai manyan ƙafafu yana hutawa da matsalar yatsu da diddige su leƙo waje su riƙa jan ƙasa. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Mai ƙaramar ƙafa zai ji allon ya yi masa nauyin kifawa daga wannan gefe zuwa wancan, don yatsunsa da diddigensa ba su kai bakin kaifi ba, wato ƙarfen da ke gefen allo, ba su da inda za su danna. Kuma da rana ta yi, jama'a suka tattake dusar ta zama tudu da kwari, gajeren allo yakan riƙa tsalle da karkarwa in an sake shi da gudu, inda dogon zai ratsa ya wuce abinsa.

Inda nauyi ya zauna

A ganina wannan ya fi tsawo da faɗi muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi rainawa don ba ya ɗaukar ido a shago. Abin da ake nema a dusa mai zurfi shi ne gaba ya tashi, baya ya ɗan nutse, ba tare da mahayi ya tilasta hakan da cinyarsa ba. Wato a sa gaban allo ya fi bayansa ɗaukar dusa. Masu ƙira na da dabaru uku na yin haka, kuma yawanci haɗa su suke yi.

Ta farko matsar da mazaunin ƙafafu baya. A allo mai kai biyu, wanda gabansa da bayansa iri ɗaya ne sak, ana tsayawa a tsakiya daidai. An yi shi ne don masu tsalle da juyi, waɗanda ke tafiya da kowane kai a gaba. A zurfi kuwa shi ya fi kowane wahalar da mai shi, domin wutsiya na tasowa daidai yadda hanci ke tasowa, allon ya kwanta shimfiɗe, hanci ya fara haƙa. Allo mai gaba da baya an riga an ja ramukan maɗauran ƙafarsa baya, wani santimita 1 ko 2, wanda aka yi musamman don zurfi kuma fiye da haka nesa. Lissafin na da daɗi: ka ja ƙafafunka baya santimita 2, hanci ya ƙaru da 2, wutsiya ta ragu da 2, bambancin ya zama 4.

Ta biyu tsuke wutsiya, a sa faɗinta ya gaza na hanci. Milimita 5 zuwa 10 da ƙyar za ka ji shi a dannanniyar hanya, amma yana taimakawa a zurfi. Milimita 20 zuwa 30 kuwa wani allo ne daban: wutsiya na nutsewa da kanta, hanci na sama, juyi na zuwa daga ƙafar baya ba wahala. Burton Fish, wanda ya fito a farkon shekarun 2000 da sa hannun ƙwararren mahayi Terje Haakonsen ɗan ƙasar Norway, shi ya nuna wa kasuwa cewa gajeren allo mai tsukakkiyar wutsiya zai iya yin aikin dogo. Kuɗin da ake biya shi ne riƙo a ƙasa mai tauri. Wutsiyar da aka tsuke tana saurin sakin juyi, don haka a kan daskararriyar ƙanƙara takan zame kafin ka gama kwanarka. Tafiya da baya a gaba kuma sai dai ta ɗan lokaci, don fita daga matsi.

Ta uku tsaga wutsiyar, a yanke tsakiyarta a bar reshe biyu irin na wutsiyar tsattsewa. Wannan ba sabon abu ba ne. Dimitrije Milovich, wanda ya kafa kamfanin Winterstick a shekarun 1970 yana gwada allunansa a tsaunukan jihar Utah ta Amurka, ya yi irin wannan ƙira tun kafin filayen wasan zamiya su yarda a shigo musu da sinobod. Lokacin ba inda za a hau sai dusar da ba a taɓa ba, shi ya sa yawancin allunan farko don zurfi aka yi su; mai kai biyu daga baya ya zo, da wasan tsalle ya yi kasuwa. Hikimar tsagar ita ce tana rage abin da ke ɗaga wutsiya amma ta bar tsawon kaifi a gefe biyu. Dogon allo mai zurfin tsaga, santimita 170 ko sama, a buɗaɗɗen fili ba abin da ya kai shi natsuwa, ƙafafu biyu ɗauke da nauyi daidai, gudu kuwa sai wanda ka ga dama. Amma ka shigar da shi cikin matsattsun itatuwa ka ga yadda zai ƙi jin magana. Rassan nan biyu su ne ke fara karyewa in sun haɗu da dutse ko kututture, kuma in ka diro daga tudu nauyinka ya faɗa baya, babu wutsiyar kirki da za ta tare ka. Ƙananan tsage da ake yi wa gajerun alluna yanzu, wasunsu aiki suke yi, wasu kuwa ado ne ya fi yawa. In tsagar ba ta kai tafin hannu zurfi ba, ni ban ga dalilin ƙara kuɗi dominta ba.

Doro ko gantsara

A ajiye allo a ƙasa a duba shi ta gefe. Idan tsakiyarsa ta tashi, ya taɓa ƙasa kusa da hanci da kusa da wutsiya, mai doro ne, wanda masu shago ke kira kamba. Idan tsakiyar ce a ƙasa, kawunan biyu suka ɗage, gantsararre ne, ko roka. Mai doro yana danna kaifinsa cikin ƙasa daga kai zuwa kai, shi ya sa ya fi riƙo da ƙarfin tsalle. Wannan dannawar ce kuma ke tura hancinsa ƙasa a cikin lallausar dusa. Gantsararre tun a tsaye hancinsa na kallon sama, don haka ko da ƙaramin gudu yana tashi. Lib Tech Skate Banana, da ya fito wajen 2007, shi ya dawo da gantsara cikin yayi, har aka yi 'yan shekaru kusan kowane kamfani na lanƙwasa allunansa haka.

Yayin ya lafa saboda dalili. Gantsararre tsantsa yana da sakin jiki a ƙasa mai tauri, da gudu kuma ba ya ba mutum kwanciyar hankali. Kuma in mai kai biyu ne, gantsarar ta ɗaga wutsiya kamar yadda ta ɗaga hanci, to an rage matsalar ne, ba a kashe ta ba. Abin da yawancin allunan zurfi suka tsaya a kai yau shi ne haɗin gambiza mai ma'ana: doro daga ƙarƙashin ƙafar gaba zuwa wutsiya, sannan doguwar gantsara a hanci wadda ke farawa tun kusa da maɗaurin gaba. Da ka taka ƙafar baya doron ya miƙe, hanci ya ƙara tashi. A hanya mai tauri kuma kaifin da ke tsakanin ƙafafu da baya yana nan da riƙonsa.

A lura da yadda hancin ya tashi, kada a tsaya ga tsayin tashinsa kawai. Hanci gajere da ya lanƙwashe sama farat ɗaya tura dusa yake yi a gabansa, yana cin gudu. Dogo mai tashi sannu a hankali hawa kanta yake yi. Wasu kamfanoni sun ƙara da ɗage gefunan hancin ya zama kamar cokali, irin yadda Jones ke yi, ko raba ƙasan allo gida uku da Bataleon ya yi suna da shi. Wannan yana sa kifawa daga gefe zuwa gefe ta yi laushi, yana rage cakewar kaifi, amma ba shi ke hana nutsewa ba. Taurin allo ma na da ta cewa: hanci mai laushi na lanƙwasawa sama da kansa in dusa ta tura shi, sai dai in ya cika laushi, a dusa mai nauyi ko tattakakkiya naɗewa zai yi a ƙarƙashinka.

Wace dusa, wane dutse

Ba kowace sabuwar dusa ce iri ɗaya ba, kuma ƙirar da ta yi fice a wani wuri daga yanayin wurin ta fito. A tsibirin Hokkaido na Japan, iska mai tsananin sanyi daga Siberiya na ratso Tekun Japan ta kwaso danshi ta sauke shi a kan tsaunuka kusan kullum a tsakiyar hunturu. Dusar busasshiya ce, ba nauyi, tana da zurfi. Amma tsaunukan ba su cika tsayi ko tsini ba. Dutsen Annupuri na yankin Niseko mita 1,308 ne kawai, ga itatuwa ko'ina. Wuri ne da gudu ke da tsada, allo kuma dole ya tashi da ɗan abin da ya samu. Ba mamaki can ne Taro Tamai ya kafa kamfanin Gentemstick, mai alluna masu faɗin hanci, da mazaunin ƙafa can baya, da wutsiyoyi masu tsaga, ƙirar da ta ɗebo da yawa daga allunan hawa igiyar teku. Wanda zai yi hunturunsa a irin wannan wuri, gajere mai faɗi ko mai tsukakkiyar wutsiya sosai shi ne nasa. Tsaunukan Wasatch na Utah da cikin lardin British Columbia na Kanada su ma busasshiyar dusa gare su, amma sun fi tsini, don haka a can ɗan ƙarin tsawo da tauri ba asara ba ne.

Tsaunukan da ke kusa da gaɓar tekun Pasifik kuwa, irin su Sierra Nevada da Cascades na yammacin Amurka, dusarsu ta fi ruwa da nauyi, har mutanen wurin na yi mata laƙabi da siminti. Yawa kam akwai shi: Mount Baker a jihar Washington ya samu kusan mita 29 a hunturun 1998 zuwa 1999, abin da ya kafa tarihi. Irin wannan dusa tana ɗaukar mutum, ba a nutsewa can ƙasa, amma tana kama hanci ta riƙe, kuma da an tattake ta sai ta zama dunƙule-dunƙule. A nan tauri da ɗan tsawo sun fi faɗi amfani. A manyan gangaren Alaska, inda tsinin kan wuce digiri 45, tashi ba matsala ba ce sam. Abin da ake nema allo ne da zai riƙe kaifi ya kuma jure gudu, shi ya sa ba a cika ganin gajerun masu faɗi a can ba. Tsaunukan Alps na Faransa da Suwizalan da Austiriya nasu daban ne: buɗaɗɗun filaye sama da iyakar itatuwa, iska na daskarar da saman dusa, ranakun zurfi kuma ba kullum ba. Mai allo ɗaya a can ya nemi wanda ba zai kunyata shi a ƙasa mai tauri ba.

A nan ne ya kamata mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. A yawancin filayen wasa, dusar da ta zuba da dare kafin azahar an gama tattake ta. Ko a ranar da ka yi sa'a, za ka bi dannanniyar hanya kafin ka kai inda zurfin yake, ka kuma biyo ta ka dawo. Don haka in allo ɗaya za ka mallaka, zaɓina shi ne mai gaba da baya, mai tsukewar wutsiya milimita 8 zuwa 15, mazaunin ƙafa a ja baya kamar santimita 2, doro a ƙarƙashin ƙafafu, doguwar gantsara a hanci, tsawonsa daidai da wanda ka saba ko ƙari kaɗan. Ba zai kai mai tsagaggiyar wutsiya tashi ba, amma zai raba ka da ciwon cinya, ya kuma yi maka aiki sauran ranakun. Masu tsananin ƙira, wato gajere mai faɗi ƙwarai da dogo mai zurfin tsaga, allo na biyu ne, na wanda ya riga yana da na kullum. Wanda kuwa ransa na kan tsalle da dirowa da baya a gaba ko a cikin zurfi, ya zauna a kan mai kai biyu, ya nemi mai gantsara a kawunan biyu, ya ɗan ƙara tsawo, ya haƙura da abin da cinyarsa za ta gani.

Wajen girma, nauyinka da girman takalminka ake dubawa, ba a auna allo da haɓa kamar yadda wasu masu ba da haya ke yi har yanzu. Kowane kamfani na buga iyakar nauyin da kowane tsawo ke ɗauka. In ka faɗa tsakanin biyu kuma zurfi kake nufi, ɗauki babban. A tuna da jaka a baya, musamman ga mai fita wajen iyakar filin wasa, wanda dole ya ɗauki na'urar neman wanda dusa ta binne, da sandar bincike, da shebur. Allo mai tashi sosai yakan ja mutum zuwa gangare masu digiri 30 zuwa 45, kuma a nan ne dusa ta fi zaftarewa. Cikin daji kuma akwai ramin da ke buɗewa a gindin itatuwa masu rassa har ƙasa, wanda ke haɗiye mutum kai a ƙasa. Ba a shiga irin wannan wuri ba tare da aboki yana ganinka ba.

Kafin ka fitar da kuɗi, gwada abin da sukudireba zai yi maka a kan allon da kake da shi. A yawancin alluna ramukan maɗauri na jere ne da tazarar santimita 2 ko 4, na Burton kuma kwata ce da maɗaurin ke zamewa a ciki. Daren da aka ce za a yi zuba, ja maɗauran biyu baya da rami ɗaya ko biyu, ka bar tazarar da ke tsakaninsu yadda take, ka goga wa ƙasan allon kakin da aka yi don tsananin sanyi, domin busasshiyar dusa mai sanyi na da jan gudu. Idan hakan ya wadatar, ka tsira da kuɗinka. Idan har yanzu hanci na nutsewa a wurare masu kwanciya, faɗi da gantsarar hanci ne suka yi maka kaɗan. Idan kuwa yana tashi amma juyi tsakanin itatuwa ke gagararka, tsawo ne ya yi yawa ko wutsiya ba ta da tsukewa. Manyan filayen wasa da shagunan da ke gindinsu na ba da sababbin samfura haya na yini guda, wasu ma suna cire kuɗin hayar daga farashi in ka saya, don haka a tambaya.